Shin Akwai Lissafin Katolika? Yadda Coci Ke Son a Koya wa Yara Kimiyya a Gida da Makaranta

Na taɓa riƙe wani littafin lissafi na 'yan aji biyu na firamare wanda aka rubuta domin yaran Katolika. A shafin ninkawa an zana carbi irin nasu, wanda suke kira Rosari, a ƙarƙashinsa kuma aka yi tambaya: carbin nan gida biyar gare shi, kowane gida ƙwaya goma, ƙwaya nawa ke nan? Amsa hamsin. Yaron da ya saba ganin carbin a hannun uwarsa kullum da daddare nan take zai kama, don abin da ya sani aka ba shi ya ƙirga. Dabara ce mai kyau, kuma duk malamin kirki yana yin irinta, ko da mangwaro ko da canjin kuɗin mota. Amma da na ci gaba da buɗe shafuka sai na tsaya ina tambayar kaina: shin wannan ne ake nufi da koyar da lissafi bisa bangaskiyar Katolika? A cire mangwaro a sa carbi, shi ke nan an gama? Biyar sau goma hamsin ne a gidan Fada limamin coci, hamsin ne a tsangaya, hamsin ne a tiren mai goron da bai taɓa shiga aji ba. To ta ina addinin ya shigo?

Tambayar ta shafi mutane da yawa. In aka cire gwamnatoci, babu mai yawan makarantu a duniya kamar Cocin Katolika, kuma yaran da ke karatu a cikinsu daga nazare zuwa sakandare sun haura miliyan 60. Mu ma a arewacin Najeriya mun san su. Tun da limaman ƙungiyar mishan ta SMA suka sauka a Shendam a 1907, duk inda coci ya kafu makaranta tana biye da shi. Kwalejin Rimi ta Kaduna a da St. John's ce, Kwalejin Sarauniya Amina ta Kakuri kuma Queen of Apostles, kafin gwamnati ta karɓe makarantun mishan a shekarun 1970. St. Louis ta Kano tana nan, haka ma Mariama ta Yamai a Nijar. Likitoci da injiniyoyi da yawa, Kirista da Musulmi, a kan bencin irin waɗannan makarantu suka fara riƙe rula. Don haka abin da Cocin yake nufi da kimiyya ba maganar cikin gidansa kaɗai ba ce.

Tushen abin yana cikin yadda ɗan Katolika ke kallon halitta. A wurinsa duniya ba faɗowa ta yi haka kawai ba, kuma ba ta sauya ɗabi'arta yau da gobe yadda ta ga dama. Mai hikima ne ya tsara ta, ya kuma ba ɗan Adam hankalin da zai iya bin sawun tsarin. A Littafin Hikima, wanda yake cikin Littafi Mai Tsarki na Katolika amma ba ya cikin na yawancin 'yan Furotesta, sura 11 aya 20 ta ce Allah ya shirya kome da ma'auni da adadi da nauyi. Malaman Coci sun shafe ɗaruruwan shekaru suna jingina da wannan aya duk lokacin da aka tambaye su me ya kai mai ibada ga lissafi. A makarantun coci na Turai a zamanin da, ɗalibi sai ya ratsa fannoni huɗu da ake ɗauka na lissafi ne, wato ƙidaya da awon siffofi da kiɗa da ilimin taurari, kafin ya kai ga tauhidi. A 1998 Fafaroma John Paul na Biyu ya kwatanta bangaskiya da hankali da fikafikai biyu da ruhin mutum ke tashi da su zuwa ga gaskiya. Katikizim, littafin da ya tattara koyarwar Cocin, a sakin layi na 159, ya faɗi dalilin a fili: Allahn da ya saukar da bangaskiya shi ne ya ba mutum hasken hankali, don haka gaskiya ba za ta ƙaryata gaskiya ba. Musulmin da ya karanta wannan ba zai ji wani baƙon abu ba, shi ma ya san ayar Suratur Rahman da ke cewa rana da wata bisa lissafi suke tafiya.

Abin da ya biyo baya shi ne wanda mutane da yawa ba su sani ba, har cikin 'yan Katolikan kansu. Tunda gaskiya ɗaya ce, Cocin bai yarda a mai da darasin kimiyya wa'azi ba. A 1977 ofishin fadar Vatikan mai kula da ilimi ya fitar da takarda kan makarantar Katolika, inda ya ce kowane fanni a koyar da shi bisa hanyoyinsa na kansa, kuma kuskure ne a ɗauki darussa a matsayin 'yan rakiyar addini ko makamin kare shi. Kundin dokokin Coci na 1983 ya ƙara ɗaure maganar. Doka ta 806 ta ɗora wa shugabannin makarantun Katolika alhakin tabbatar da cewa ingancin karatunsu bai gaza na sauran makarantun yankin ba. Ke nan makarantar da ake addu'a safe da yamma, amma 'yan ajin ƙarshe ba su iya warware aljabara ba, ta saɓa wa dokar Cocin da take ɗauke da sunansa. Ina so iyaye su riƙe lambar nan, 806, don hujja ce a hannunsu ranar taron iyaye da malamai.

To idan ba daga waje ake shafa wa darasi addini ba, daga ciki yake fitowa, kuma misalin da na fi so yana rataye a bangon kowane aji: kalanda.

Cocin yana bukatar sanin ranar Ista. Ƙa'idar ita ce Lahadin farko bayan cikar wata da ta zo a ranar 21 ga Maris ko bayanta, don a zamanin taron bishop-bishop na Nisiya a shekarar 325 a wajen wannan rana dare da yini suke daidaita. Matsalar ita ce kalandar da aka gada daga Julius Kaisar ta ɗauki shekara a kan kwana 365 da awa 6, alhali shekarar rana kwana 365 ce da awa 5 da minti 48 da daƙiƙa wajen 45. Bambancin minti 11 da kwata ne kacal. Yanzu a ba ɗan aji shida alli. Kwana ɗaya minti 1,440 ne. Ya raba da 11 da kwata, zai samu 128. Wato duk shekara 128 kalanda tana zamewa da kwana ɗaya. Daga 325 zuwa 1582 shekara 1,257 ke nan. Ya raba da 128, zai ga ya kusa goma. Kwana goman nan su ne Fafaroma Gregory na 13 ya yanke a 1582, bisa shawarar masana irin su likita Aloysius Lilius da limamin ƙungiyar Jesuit Christopher Clavius. Mutane suka kwanta ranar Alhamis 4 ga Oktoba, suka wayi gari Juma'a 15 ga Oktoba. Don kada zamewar ta dawo, aka sa sabuwar ƙa'ida: Fabrairu zai ci gaba da yin kwana 29 duk shekara huɗu, ban da shekarun cikon ɗari, sai wadda 400 ke raba ta ba saura. Shi ya sa 2000 ta samu kwanan, 1900 ba ta samu ba, 2100 ma ba za ta samu ba.

Yaron da ya yi wannan lissafi da hannunsa ya yi rabawa da ɗebewa, ya taɓa ilimin taurari, ya kuma ga yadda bukatar ibada ta tilasta wa mutane auna sama da kyau. Babu ayar da aka manna masa a saman shafi, amma ya fahimci abin da ayar ma'auni da adadi take nufi. Akwai kuma darasi na biyu a labarin. Ingila ba ta karɓi gyaran ba sai 1752, Rasha kuwa sai 1918, ba don lissafin ya yi kuskure ba, sai don daga Roma ya fito. Rana dai ba ta jira kowa ba. Yaran arewa ma suna da wata riba a nan da yaran Turai ba su da ita: suna ganin azumin Ramadan yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara. Wata kwana 29 da rabi ne, sau 12 ya ba da 354, a ɗebe daga 365 saura 11. A aji ɗaya, da alli ɗaya, ɗan Kirista ya gane me ya sa Ista take yawo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, ɗan Musulmi ya gane me ya sa Sallah take kewaya damina da rani.

Alkaluman da ya rubuta lissafin da su ma suna da labari. Daga Indiya suka taso, malaman Musulunci suka raine su, kuma cikin Turawan farko da suka yi aiki da su akwai Gerbert, wanda ya yi karatu a Kataloniya a bakin iyakar Andalus, daga baya ya zama Fafaroma Sylvester na Biyu a shekarar 999. Malamin Katolika da ke koyar da aljabara bai kamata ya bar ɗalibansa su fita ba su ji sunan Al-Khawarizmi na Bagadaza ba. Faɗin wanda aka karɓi ilimi daga hannunsa shi ma gaskiya ce da ake bin malami bashinta.

A ilimin halittu, sunan da makarantun Katolika ke alfahari da shi shi ne Gregor Mendel, ɗan zuhudu na ƙungiyar Augustine a birnin Brno, cikin Jamhuriyar Cek ta yau. Yawanci abin da ake gaya wa yara shi ne limami ne ya gano ƙa'idar gado, sai a wuce. Hasara ce a tsaya nan, domin yadda ya yi aikin ya fi muƙaminsa amfani ga yaro. Shugaban gidan zuhudunsu ya tura shi Jami'ar Biyana ya karanta fiziks da lissafi. Da ya dawo ya shafe shekara takwas, daga 1856 zuwa 1863, yana barbarar wani nau'in waken Turai da hannu a lambun gidan, fure bayan fure, yana ƙirga abin da ya fito. A gwaji ɗaya ya ƙirga ƙwaya 5,474 masu santsi da 1,850 masu tamoji. A wani ya samu 6,022 rawaya da 2,001 kore. A ba yaro waɗannan alkaluma ya raba da kansa: na farko 2.96, na biyu 3.01. Babu wanda ya ba da 3 cif, amma dukansu suna nuni gare ta. Daga nan ne Mendel ya gano cewa siffofi suna bin iyaye zuwa 'ya'ya bisa ƙa'ida, uku bisa ɗaya a zuriya ta biyu. Ya wallafa aikin a 1866, duniya ba ta waiwaye shi ba sai 1900, shekara 16 bayan rasuwarsa. Haƙurin ƙirga ƙwaya dubu bakwai, da rubuta abin da ka gani ko da bai cika cif ba, da yin aiki tsakani da Allah ko babu mai yabo, waɗannan su ne abin da zan kira tarbiyyar Katolika a cikin darasin.

Ina da ƙorafi a kan yadda wasu makarantu ke amfani da irin waɗannan sunaye. Sai a lissafo wa yara limamai masana kamar ana kirari: ga Mendel, ga Nicolas Steno bishop ɗin da ya aza tubalin nazarin duwatsu, ga Sista Mary Kenneth Keller da ta samu digirin digirgir a ilimin kwamfuta a Amurka a 1965, ga Fafaroma Leo na 14 mai digirin lissafi daga Jami'ar Villanova a 1977. Duk gaskiya ne, kuma yana da kyau yarinya ta san cewa mai lulluɓin zuhudu ta riga maza da yawa shiga fagen kwamfuta. Amma kirari ba ya koya wa yaro raba 1,257 da 128. In suna ya zo ba tare da aikin mai sunan ba, an koma ga abin da takardar 1977 ta hana.

Wanda ya fi kowa nuna inda iyakar take shi ne Georges Lemaître, limami ɗan Beljiyam kuma farfesa a Jami'ar Katolika ta Louvain. A 1927 ya nuna da lissafin Einstein cewa sararin samaniya faɗaɗa yake yi, a 1931 kuma ya ce in aka bi faɗaɗar da baya za a iske kome ya taso daga mafari guda. Wannan ita ce ka'idar fashewar farko da ake koyarwa yau, wadda ke ƙiyasta shekarun sararin samaniya a kan biliyan 13.8. A 1951 Fafaroma Pius na 12 ya yi jawabi yana nuna cewa kimiyya ta zo ta shaida halittar da Littafin Farawa ya ba da labari. Kowa zai zaci limamin zai yi murna. Bai yi ba. Ya nuna rashin jin daɗinsa, ya kuma ba da shawarar kada a riƙa ɗaura aƙida a kan ka'idar kimiyya. Dalilinsa mai ƙarfi ne: ka'ida tana iya sauyawa gobe in sabon awo ya zo, kuma mafarin da fiziks ke magana a kai ba shi ne halitta daga babu da tauhidi ke nufi ba. Wanda ya gina bangaskiyar ɗansa a kan binciken bana, binciken baɗi zai iya rushe ta. Wannan limamin ne daga baya aka naɗa shugaban Cibiyar Kimiyya ta Fafaroma a 1960, ya riƙe ta har rasuwarsa a 1966.

Yanzu mu zo inda ƙaya take. Yarinya ta dawo daga makaranta, ana tuƙa tuwo, ta ce: "Mama, malam ya ce duniya ta yi shekara biliyan huɗu da rabi, amma katikis ya karanta mana cewa a kwana shida Allah ya yi ta. Wa ya yi ƙarya?" Katikis shi ne mai koyar da addini a coci. Uwa da yawa a nan sukan ce: "Ki rubuta na malam a jarrabawa, ki riƙe na coci a zuciya." Niyyar mai kyau ce, amma amsar tana da haɗari, don ta koya wa yarinyar cewa gaskiya biyu ce, ta takarda da ta zuciya, kuma ran da ta girma za ta yar da ɗaya.

Amsar Cocin ba haka take ba. Katikizim a sakin layi na 337 ya ce Nassi ya gabatar da aikin Mahalicci ne ta hanyar misali, a jerin kwana shida. Uwa za ta iya buɗe Farawa sura ta ɗaya tare da ɗiyarta ta ce: "Duba nan, 'yar nan, a kwana na nawa aka yi rana?" Yarinyar za ta ga na huɗu ne. To kwana ukun farko da wane agogo aka auna su? Tsofaffin malaman Coci sun lura da wannan tun da daɗewa. Augustine, bishop na Hippo, wato Annaba ta Aljeriya a yau, wanda ya rasu a 430, ya yi gargaɗi mai zafi cewa abin kunya ne Kirista ya riƙa shirme a kan sama da ƙasa da taurari yana cewa Nassi ne ya faɗa, a gaban wanda ya san abin ta hanyar hankali da gani, domin hakan zai sa a raina Nassin har a inda yake maganar ceto. Farawa yana amsa wa ya yi duniya da don me. Malamin kimiyya yana amsa ta yaya da yaushe. A kan ka'idar sauyawar halittu kuwa, Pius na 12 a 1950 ya ba da damar a bincika ko jikin mutum ya samo asali daga halittu masu rai da suka gabata, muddin an riƙe cewa ruhin kowane mutum Allah ne yake halittarsa kai tsaye. A 1996 John Paul na Biyu ya ce sabbin binciken sun sa ka'idar ta wuce matsayin hasashe. Abin da Cocin ya ƙi shi ne a ɗauko ka'idar a ce ta tabbatar da babu Mahalicci ko mutum ba shi da wata daraja ta musamman, don wannan ba sakamakon ɗakin gwaji ba ne, ra'ayin falsafa ne aka sa masa rigar kimiyya.

Kuma dole a gaya wa yara labarin Galileo, daga bakin malaminsu, kafin su ji shi a waje. A 1633 kotun Coci a Roma ta tilasta masa janye maganarsa cewa ƙasa ce ke kewaya rana, ya ƙare rayuwarsa a tsare a gida har 1642. Akwai siyasa a ciki, akwai kuma cewa hujjojinsa a lokacin ba su gama cika ba, amma duk wannan bai wanke hukuncin ba. A 1992 John Paul na Biyu ya amince a bainar jama'a cewa malaman tauhidin lokacin sun yi kuskure. Makarantar da ta ɓoye wannan tana shirya wa ɗalibanta faɗuwa a jami'a. Wadda ta faɗe shi tana nuna musu cewa amsa laifi yana cikin addini. Galileo kansa ya rayu ya mutu yana ɗan Katolika, kuma shi ne ya yaɗa maganar wani kadinal cewa Nassi yana koya mana yadda ake zuwa sama ne, ba yadda sama take tafiya ba.

Sai batun gida. Babban taron Vatikan na Biyu, na bishop-bishop na duniya, a takardarsa kan tarbiyya ta 28 ga Oktoba 1965, ya ce iyaye su ne malaman farko kuma na gaba da kowa ga 'ya'yansu. Makaranta mataimakiya ce. A Amurka wasu iyaye sun ɗauki maganar har ƙarshenta, suka riƙe yaransu a gida gaba ɗaya, suna bin manhajar cibiyoyin Katolika irin su Seton a jihar Bajiniya, da Kolbe da Mother of Divine Grace a Kalifoniya. Lissafi bai cika ba su wahala ba, da yawa littattafan da kowa ke amfani da su suke saya. Kimiyya ce ke da tarko. Yawancin littattafan kimiyya da suka cika kasuwar karatun gida a can daga mawallafan wasu majami'un Furotesta suke fitowa, waɗanda ke koyar da cewa duniya 'yan shekaru dubu shida zuwa goma ta yi. Uwa 'yar Katolika ta ga an rubuta Kirista a bango, ta saya da zuciya ɗaya, alhali abin da ke ciki ba koyarwar Cocinta ba ne. Irin waɗannan littattafai da bidiyoyi yanzu suna isowa wayoyinmu, don haka gargaɗin ya shafe mu: kafin a miƙa wa yaro, a duba babin shekarun duniya da na ƙasusuwan halittun da suka shuɗe, nan ake gane inda littafi ya dosa.

A wajenmu dai karatun gida ba ya nufin cire yaro daga makaranta. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 a Najeriya ta wajabta wa iyaye kai yaro firamare da ƙaramar sakandare. Yana nufin awa ɗayan nan ta bayan la'asar da hutun ƙarshen zango. Uban da bai wuce aji shida ba yana iya yin abin da ya fi littafi mai tsada. Ya ba yaro zangarniyar masara mai gaurayen ƙwaya fari da rawaya ya ƙirga kowane launi, sannan ya tambaye shi me ya sa uwa ɗaya ta haifi launi biyu; amsar ita ce kowace ƙwaya da nata garin furen da ya sauka a kan gashinta, wani daga gonar maƙwabci iska ta kawo shi. Uwa ta sa yarinya ta auna gwangwani nawa ke cika mudu, sannan ta lissafa na kwana bakwai. A ware tsohon littafin rubutu na wata: kowane dare bayan addu'ar iyali yaro ya fita tsakar gida ya zana siffar wata ya sa kwanan wata, ran da hadari ya rufe ya rubuta hadari ya rufe. Kada ya zana abin da bai gani ba.

Wannan ƙa'ida ta ƙarshe ita ce, a ganina, inda bangaskiya ta fi shiga kimiyya da ƙarfi, kuma inda makarantunmu suka fi rauni. Na tsaya a ɗakin gwaji na wata sakandare ana gwajin asid, ɗalibai suna ɗiga ruwa ɗigo-ɗigo suna jiran launi ya juya. Wata yarinya ta samu adadin da ya yi nesa da na sauran. Ta dubi na kusa da ita, ta goge nata, ta rubuta nasu. Ba ta ɗauki abin a matsayin ƙarya ba, don an saba mata cewa amsar da ake so ita ce daidai. Amma ta takwas cikin Dokoki Goma, a lissafin Katolika, ta hana shaidar zur, kuma adadin da ka rubuta a littafin gwaji shaida ce kake bayarwa a kan abin da halittar Allah ta yi a gabanka. Malamin da ya fahimci aikinsa zai ce mata: "Mai da naki, ki rubuta shi yadda ya fito, sannan mu nemo dalili." Wataƙila kumfa ce ta maƙale a bututun, wataƙila ta karanta awon daga sama maimakon daidai ido. A neman dalilin ne za ta koyi kimiyya. Makarantar da ke sa gicciye a kowane aji amma tana rufe ido a kan satar amsa lokacin WAEC don sakamakonta ya yi kyau a talla, ta rushe da hannun hagu abin da ta gina da na dama.

Akwai wani gwaji da nake so kowane gida ya yi, don ba ya cin ko sisi. A babban cocin San Petronio da ke Bolonya a Italiya, a 1655 masanin taurari Cassini ya shimfiɗa wani layi a daɓen cocin, tsawonsa ya kusa mita 67, aka huda ƙaramar kafa a rufi. Kullum da tsakar rana ɗigon haske yana faɗowa a kan layin, yana matsawa kaɗan-kaɗan duk shekara, da shi ake gane ranar da dare da yini suka daidaita, wadda lissafin Ista ya dogara a kanta. Masu ibada suna durƙuso a gefe, masu awo suna duƙe a kan layi, rufi ɗaya ya rufe su. A kafa sanda miƙaƙƙiya a tsakar gida, yaro ya riƙa auna inuwarta da rula duk Lahadi bayan an taso daga coci, a lokacin da ta fi gajarta, yana rubutawa. A Disamba zai ga inuwar ta yi tsawo ta nufi arewa. Tana ta raguwa har ta shige gindin sandar. A Kano hakan yana faruwa wajen 21 ga Afrilu. Daga nan ta ɓullo ta kudu, ta sake ɓacewa wajen 21 ga Agusta in hadari ya bari a gani. Yaron Bolonya ba zai taɓa ganin haka a garinsu ba, don rana ba ta hawa tsakar kansu. In yaronmu ya tambaya me ya sa, a ɗauko lemo da fitila, a karkata lemon kaɗan, a kewaya da shi.